Kuɗin Hannu

A jirgin ruwan safe daga Kadikoy
na ɗauki sama sau goma sha bakwai,
kuma a kowane hoto, can sama ta hagu,
ga wani tsuntsu da ba ya kaɗa fiffike.
Na ce ƙila nisa ne ya daskarar da shi.
Sai na gan shi a bangon asibiti,
na gan shi kan farar rigar jikata ranar bikin makaranta.
Ashe ƙura ce ta yi masauki
a ɗan farantin da ke shan haske cikin kyamara,
wanda masu gyara ke kira sansa.

Na cire gilashi, na hura da baki.
Kada ku yi haka.
Tsuntsu ɗaya ya zama garke.

A Sirkeci, layin masu kyamara,
yaron farko bai ko ɗago kai daga waya ba:
lira dubu da ɗari biyar, a dawo jibi.
Na biyu ya ce ɗari uku, yanzu-yanzu,
yana murza tsumman da ya goge kofin shayi da shi.
Araha ba ta ado. Na rungume kayana.

Hawa na uku, ƙarshen lungu, kusa da banɗaki,
Usta Nevzat ya haska da 'yar fitila, ya ce ɗari takwas.
Na ce, Usta, a kan me?
Ɗan tsinke mai ƙyalle a kai,
ruwa ɗigo biyu,
aikin da bai kai shan shayi ba?

Bai amsa ba. Ya ɗaga hannun dama tsakanina da shi,
yatsun suna rawa kamar ganye a bakin taga.
Ya ce, shekara arba'in ina sayar da rashin wannan.
Yanzu hajar ta ƙare a wurina.
Yelda!

Ta fito daga bayan labule tana tauna tuffa.
Ta wanke hannu, ta ɗaure gashi,
ta rufe taga, ta kashe fanka,
ta ce da ni, baba, ja baya da wannan rigar ulun.
Ta kifa kyamarar, ta matsa ɗan zugazugin roba sau uku.
Sannan ɗigo biyu.
Sannan ta ɗauke numfashi.
Ni ma na ɗauke, ban san dalili ba.
Daga hagu zuwa dama, ja guda,
ta juya tsinken, ta dawo,
ta jefa shi kwando bai ko yi datti a idona ba.

Tsoho ya ce, tsinke sittin, ruwa goma,
hayar wannan ramin ka sa ɗari.
Sauran na numfashin nan ne da ta riƙe.
Ya jawo aljihun tebur, ga wata baƙar kyamara kwance:
wannan ni na karce, shekarar da rawar ta fara.
Ta wani mai hoton aure ce.
Wata biyar ina biya.

Yelda ta ɗauki hoton farar takarda,
ta buɗe shi a allo, ta ja shi kusurwa-kusurwa.
Fari fat, ba kowa.
Ta ce, za ta dawo fa, ƙura ba ta san sallama ba.
In cikin wata guda ne, kawo, kyauta.
Kuma daina sauya gilashi a saman jirgi.

Na nemi ragin hamsin, don kawai baki ya saba.
Uban ya yi dariya. 'Yar ba ta yi ba.
Na ƙirga takwas cif.

Da yamma, a jirgin komawa,
na ɗaga kyamara, idona ya tafi sama ta hagu da kansa
kamar harshe mai neman haƙorin da aka cire.
Ba kowa a wurin.
Can wani farin tsuntsun teku ya ratsa ta daidai nan,
yana bin gutsuren burodin da wani yaro ya jefa,
kafin in danna, ya wuce.